Wa aka kira boka? Muhawarar zauren tsofaffin ɗalibai a kan ganye da ciwon daji

Bashir Ƙaura: Assalamu alaikum. 'Yan uwa ku yi mini haƙuri, yau sai na amayar da abin da ke cikina. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tun bara ta ji wani ɗan ƙululu a nononta na hagu, ko ciwo ba ya yi. Mata suka taru a kanta, kada ta kuskura ta je asibiti, wai daji ba ya son allura balle wuƙa. Aka haɗa ta da wani mai mota da lasifika da ke zuwa ranar kasuwa yana ɗaga hotunan gyambo. Ya ba ta jiƙon saiwoyi a gorar roba da wani baƙin ƙulli na shafawa, ta sayar da tumakinta ta biya. Jiya muka kai ta Sakkwato. Da aka kwance ɗankwalin da ta naɗe wurin da shi, ni namiji sai da na fita waje. Likita ya ce ya kama hammata, ya taɓa huhu. Don haka kowa ya ji: babu ganye ko saiwar da ke maganin ciwon daji. Ƙaryar bokaye ce kawai da cin gumin talaka.

Hajiya Rabi: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba Gwaggo lafiya, ya sa kaffara ce.

Alhaji Mudi (shugaban zaure): Amin. Amma Bashir ƙanena, gyara bakinka. Su wa kake kira bokaye? Mahaifina a Talata Mafara ya tsufa yana ba mutane magani, bai taɓa buga ƙasa ba, bai taɓa yanka wa aljani ko ɗan tsako ba, kuma a sahun farko anka san shi. Da sassaƙen nan munka girma. Yanzu shi ma boka ne ke nan?

Bashir Ƙaura: Yaya Mudi, ban ambaci Baba ba, Allah ya jiƙansa. Ina maganar wanda ya cuci Gwaggo.

Alhaji Mudi: Jam'i ka yi. Bokaye ka ce. Koma ka karanta.

Malam Ɗahiru: Gaskiyar Alhaji ce a nan. Boka shi ne mai da'awar sanin gaibu da hulɗa da aljanu, zuwa wurinsa ma haramun ne. Mai sayar da sassaƙe ɗan kasuwa ne, ko mai gaskiya ko macuci. Jifan Musulmi da bokanci ba ƙaramin abu ba ne.

Sadiq: To Allah gafarta Malam, wanda ya kalli mace bai gwada komai ba ya ce cikin wata uku za ta warke, ba da'awar gaibu ya yi ba? Ni dai boka ne a wurina ko da rawani ya naɗa.

Malam Ɗahiru: Ka bar rawani a inda yake, Sadiq.

Famasis Nura: Don Allah ku saurare ni kaɗan, wannan fagen aikina ne. Bashir, ina taya ka jimami, amma maganarka ta farko ba haka take ba. Da yawa daga allurar kimo da ake yi wa masu ciwon daji daga tsirrai aka samo su. Kun san furen nan mai ruwan hoda, wani fari, da ake shukawa a gaban ofisoshi da makarantu? Asalinsa daga Madagaska yake. A Jamaika mutane na shan shayin ganyensa don ciwon suga, sai wasu masana biyu a Kanada, Robert Noble da Charles Beer, suka ɗauka su gwada. Sugan bai sauka ba, amma suka lura fararen ƙwayoyin jinin ɓerayen da suka yi gwajin a kansu sun zube. Daga nan aka fitar da maganin ciwon daji mai suna binbilastin a 1958, sannan ɗan uwansa binkiristin, wanda Amurka ta amince da shi a 1963. Har yau da shi ake yi wa yara maganin sankarar jini. Taxol kuma, da ake ba masu ciwon dajin nono, daga ɓawon wata bishiya ta arewa maso yammacin Amurka yake. An ɗebo ɓawon a 1962, ba a yarda a fara ba majinyata a matsayin magani ba sai 1992. Shekara 30 ana gwaji.

Alhaji Mudi: Allahu Akbar! Kun ji ko? Famasis da kansa ya ce daga ɓawon itace ne. To mi ya rage? Bashir sai ka janye.

Famasis Nura: Alhaji ban ƙarasa ba. Kafin a samu giram 1 na binbilastin sai an tara busasshen ganye kusan kilo 500. Wa zai sha wannan a tukunya? Kuma ta jijiya ake ba da shi, da awo daidai da nauyi da tsawon majinyaci, ana duba jininsa kafin kowane zagaye, don in ya yi yawa shi kansa kisa yake. Mu 'yan Zamfara bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Dutsen da ake haƙowa a Anka da Bukkuyum akwai zinari a ciki, ba ƙarya ba ne. Amma a cikin dutsen nan dalma take, kuma da aka riƙa niƙa shi a tsakar gida a 2010 yara fiye da 400 muka rasa. Ganye ma haka yake, maganin da gubar a tare suke zaune, sai an raba.

Baban Khalifa: Ni abin da na fahimta, Turawa sun kwashi ilimin iyayenmu sun zuba a kwalba suna sayar mana da tsada.

Sadiq: Iyayenka ne a Madagaska?

Baban Khalifa: Madagaska ba Afirka ba ce? Ka riƙa girmama na gaba da kai.

Malam Ɗahiru: Ni tambayata ga Famasis ɗaya ce. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa habbatus sauda waraka ce daga kowace cuta ban da mutuwa. Ciwon daji ba cuta ba ne?

Famasis Nura: Allah gafarta Malam, ban isa in ja da hadisi ba, fassararsa taku ce. Abin da na sani a ɓangarena, akwai wani sinadari a habbatus sauda da ake ta bincike a kansa, kuma a ɗakin gwaji yana kashe ƙwayoyin ciwon daji a cikin faranti. Haka sinadarin kurkur, haka na zogale. Amma faranti daban, jikin mutum daban. Na kurkur ɗin ma kaɗan ne ƙwarai yake shiga jini in an ci, hanta ta yi maza ta fitar da shi. Ko ɗaya daga cikinsu bai kai matsayin da za a ce wa mai ƙululu ta zauna gida ta sha ba. Kuma ai Manzon Allah (SAW) cewa ya yi bayin Allah su nemi magani.

Malam Ɗahiru: Ka ce ba ka ja ba, ga shi kana jawo wani hadisin ka kare kanka. Kowa ya tsaya a fanninsa.

Anti Luba (nas, Birnin Kebbi): Ni duk wannan musun na boka da ba boka ba bai dame ni ba. Ku zo ɗakin mata ku gani. Mace za ta zo nono ya riga ya fashe, an shafe shi da ƙulli har ya yi ɓawo, sai mun jiƙa da ruwan gishiri kafin mu ga naman. Ka tambaye ta yaushe ta fara ji, ta ce tun kafin azumin bara. Da a lokacin ta zo, a yanki 'yar tsoka a gwada, da yawa ana cirewa su koma gidajensu su yi shekaru. Wata kuma ƙodarta ce ta riga ta lalace da jiƙe-jiƙe, ko kimon ba za ta iya ɗauka ba. Kuma maganar daji ba ya son allura, wallahi ita ta fi cin rayukan mata a wurinmu.

Famasis Nura: Anti ta taɓo wurin. Duman dutse da ake sayarwa a kasuwanninmu, danginsa na ɗauke da wani sinadari da aka tabbatar yana lalata ƙoda, yana kuma haddasa ciwon dajin mafitsara. A Beljiyam aka fara ganewa, da mata masu shan maganin rage ƙiba suka riƙa rasa ƙodojinsu. Sannan masana a Jami'ar Yale sun bi majinyatan da suka ƙi asibiti suka tsaya a kan maganin gargajiya kaɗai, suka ga haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi, a ciwon nono kuwa fiye da sau biyar.

Alhaji Mudi: Wanga bincike na Amurka ne, ba su san itatuwanmu ba. Kuma maganin da ɗan uwana ke sayarwa yana da lambar NAFDAC.

Famasis Nura: Lambar da suke ba maganin gargajiya tana nufin an duba ba ya cutarwa nan take. Ba shaidar yana warkarwa ba ce. Duba jikin kwalbar, a rubuce yake cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Anti Luba: Mu dai a Kebbi an wayar da kan mata sosai, albarkacin Dakta Zainab Shinkafi Bagudu da gidauniyarta ta Medicaid. A 2024 ma ita aka zaɓa ta zama shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya.

Sadiq: Anti ai sunan ya faɗa, 'yar Shinkafi ce. Aro muka ba ku.

Baban Khalifa: An fara kamfen ke nan. A daina kawo mana 'yan siyasa zauren nan.

Anti Luba: Likitar yara ce tun kafin mijinta ya yi gwamna. Kai ne komai sai ka sa masa hular jam'iyya.

Baban Khalifa: Ni ba ni da jam'iyya, kowa ya sani.

Sadiq: Hoton da ke kan lambarka fa?

Hajiya Rabi: Haba jama'a! Yaro ya zo da kukan gwaggonsa, kun koma rawani da hula. Bashir, nawa aka ce muku kuɗin zagayen farko? A sa asusu mu tara abin da ya sawwaƙa.

Alhaji Mudi: Hajiya za a zo wurin. Amma sai ya janye kalmar nan tukuna, don iyayen mutane da yawa a zauren nan ta shafa.

Bashir Ƙaura: Na janye ga duk mai tsoron Allah. Ga mutumin nan mai lasifika kuwa ban janye ba, kuma gobe kasuwa yana nan zai dawo.

Alhaji Mudi (taƙaitawa): To Alhamdulillah, a matsayina na shugaban zaure ga abin da muhawara ta tsaya a kai. Na farko, Bashir ya amsa kurensa ya janye kalmar bokaye, mun yafe masa don yana cikin zafin rai. Famasis Nura, wanda masani ne, ya tabbatar da bakinsa cewa maganin ciwon daji daga ganye da ɓawon itace anka samo shi, wanda shi ne abin da iyayenmu suke kai tun kafin zuwan Bature. Malam Ɗahiru ya kawo hadisi, babu wanda ya iya tunkuɗe shi. Sauran bayanan awo da ƙoda, wannan ya shafi baragurbi ne masu shiga sana'ar da ba su gada ba, kuma kowace sana'a tana da irinsu, har asibitin. Sadiq da Baban Khalifa, gargaɗi na ƙarshe a kan siyasa. Mai son taimaka wa Gwaggo ya tura wa Hajiya Rabi ta gefe. Na rufe zaure sai bayan Isha'i.