Neman agaji: me zan kira direban kwamfuta a rediyo?

Maman Iman: Assalamu alaikum jama'a, dan Allah agajin gaggawa nake nema. Gobe Laraba ƙarfe huɗu ina da shiri a kan matsalar da mutane suke ta kira suna kuka da ita, wato mutum ya bar laftof ɗinsa ta yi ofdet ɗin Windows da dare, da safe ya kunna ya tarar ta yi nauyi, ko fayil ya danna sai ya zauna jira, fanka kuma na ta ƙara. Baƙon da zai zo ya ce yawanci direba ne aka sabunta, wato ƙaramar manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da sassan kwamfutar. To in na ce direba a iska wallahi rabin masu sauraro direban mota za su ɗauka. Me zan ce? Furosesa kuma in ce ƙwaƙwalwar kwamfuta ya yi? Kafin azahar zan miƙa rubutun.

Mai Gyara Beirut: Wa alaikumus salam Hajiya. Mu dai a kasuwa direba muke cewa kuma kowa yana ganewa. Amma ƙwaƙwalwa kar ki sa, mutane memori za su ɗauka, gobe ki ga sun zo siyan RAM alhali ba nan ciwon yake ba.

Bazazzagi: Furosesa dai sunansa masarrafi. Shi ke sarrafa lissafin, kuma sigar ta zauna daidai kamar mabuɗi da matsefi. Wannan ba ya buƙatar muhawara.

Na Damagaram: Masarrafi ya yi. Wajenmu Nijar masu gyara da Faransanci suke faɗin direban, pilote, wato matuƙi, to tun da harsuna biyun duk tuƙi suka nufa me zai hana a ce matuƙin na'ura?

Ummu Sadiq: Ni ina koyar da kwamfuta a sakandare, na gwada matuƙi yara suka riƙa tambaya ina yake tuƙa ta zuwa. Abin da ya shige su shi ne tafinta. Windows ba ta jin yaren katin sauti ko na Wi-Fi ko na hoto, kowannensu da nasa yaren, direba ne ke tsayawa a tsakani yana isar da magana, in aka kawo sabon tafinta da bai ƙware ba sai a yi ta maimaita zance aiki ya tsaya. Daga ranar ban sake shan wahalar darasin ba.

Mai Gyara Beirut: Anti wallahi kin faɗi abin yadda yake. Hajiya bari in ba ki abin da za ki tambayi baƙon naki don kar a tsaya a suna kawai. Iri biyu muka fi gani. Na farko ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, ka ga wani layi System interrupts yana cin kaso mai yawa alhali ba ka buɗe komai ba, a lafiyayyar kwamfuta da ƙyar yake motsi, to wannan wani direba ne yake ta katse furosesa ba ƙaƙƙautawa, yawanci na Wi-Fi ko sauti ko hoto. Na biyu ka shiga Performance ka ga gudun furosesa ya maƙale a 0.79 GHz ba ya hawa, na'urar da ya kamata ta wuce 2 GHz in tana aiki, a nan sau da yawa direban da ke kula da zafi da wuta ne ya ɗauka na'urar ta yi zafi ya rage mata gudu da gangan. Amma a fara duba caja, wasu laftof ɗin in ba su gane cajar ba haka suke yi ko ba a taɓa direba ba, ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe fanka.

Bazazzagi: Duk na ji, amma ban yarda da tafinta ba, kuma direba ma bai kamata ya fita daga bakin mai gabatar da shirin Hausa ba. Sunan abin nan masadari, daga sadar da, jam'i masadarai. Shi ke sadar da manhaja da ƙarfen na'ura. Na daɗe ina amfani da shi a rubutuna. Sai yaushe za mu daina roƙo a ƙofar Turanci alhali harshenmu yana da hanyar ƙirar suna tun kaka da kakanni? Ita tafintar ma da kuke murna da ita ai daga Turanci aka aro ta zamanin Turawan mulki.

Ummu Sadiq: Allah gafarta Malam, an aro ta amma ta zama tamu, kakata ta san tafinta. Manhaja da na'ura da ka rubuta yanzu fa, ba daga Larabci suke ba?

Bazazzagi: Larabci daban, mun yi ɗaruruwan shekaru muna karatu da rubutu da shi kafin boko ya zo. Abin da ke ci min rai shi ne duk wanda ya ƙago kalma sai a yi masa ca, amma in Bature ya kawo tasa a karɓa hannu bibbiyu.

Na Damagaram: Malam ni ban yi maka ca ba, amma masadari in na ji shi tunanina zai tafi wajen sadarwa, irin MiFi ko modem. Kuma ku riƙa tunawa da mu in kuna yanke hukunci, rediyonku har nan ana kamawa, ba Kano da Zariya kaɗai ke da Hausa ba, kullum ku zauna ku zaɓi kalma mu sai dai mu ji a iska.

Ɗan Fagge: To ai Hausar Kano ce daidaitacciya, ba mu muka ce ba, haka aka tsara.

Na Damagaram: Daidaitacciya a rubutu. A Maraɗi ka ce direba kowa tasha zai nufa, tafinta kuwa mun san shi.

Maman Iman: Jama'a dan girman Allah lokaci na tafiya, wannan a bar shi zuwa wani zama. Oga Mai Gyara, gyaran fa? Me zan ce wa mai sauraro ya yi?

Mai Gyara Beirut: Ya buɗe Device Manager, ya danna sau biyu a kan abin da ake zargi, a shafin Driver akwai maɓallin Roll Back Driver, da Hausa ki ce mayar da tsohon kawai. In maɓallin ya dushe ba ya dannuwa to Windows ba ta ajiye tsohon ba, sai ya je shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin da lambar samfurinta ya sauke nasu, ko ya yi System Restore zuwa ranar da take lafiya in akwai. Ki ja kunnensu kar su sauke manhajojin nan masu cewa za su sabunta duk direbobi a danna ɗaya, su ke kawo mana rabin aikin. Kuma ba kowane nauyi ake mayarwa baya ba, a farkon 2018 da aka toshe ɓarakar Meltdown da Spectre tsofaffin furosesa sun ɗan rage gudu, wannan gyaran tsaro ne ba a cire shi.

Maman Iman: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da na rubuta: karon farko zan ce direba, wato tafintan da ke tsakanin Windows da sassan kwamfuta, daga nan in ci gaba da direba saboda shi za su gani a allo kuma shi za su faɗa wa mai gyara. Furosesa na ɗauki masarrafi, na Malam.

Bazazzagi: Ban gamsu ba, direban dai aka koma. Amma tun da an ɗauki masarrafi to ba laifi. Ki ambaci masadari ko sau ɗaya ne a ji ko masu sauraro za su karɓa.

Maman Iman: In lokaci ya rage bayan kiran waya zan jefa wa baƙon tambayar insha Allah, amma ban yi alkawari ba Malam, minti talatin ne shirin har da talla.

Na Damagaram: Zan kama gobe. In an buɗe layi zan kira in ce matuƙi.