Neman shawara: gilashin da nake narkawa sai ya tsage kafin gari ya waye

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mai walda ne a Sabon Garin Zariya, shekara tara ina wannan aiki, kwanakin baya na ga wani bidiyo na mutanen Italiya suna ciro narkakken gilashi daga wuta kamar zuma suna ja da awartaki har ya zama fure, wlh tun ranar abin bai bar raina ba. Sai na fara gwadawa da daddare bayan an tashi daga shago, ina fasa kwalaben lemo da na turare ina narkawa da wutar kabaid ɗin da muke walda da ita, ina naɗawa a kan sandar ƙarfe. Wata biyu kenan. Hannuna ya fara kamawa, na yi fure mai ganye biyar, koren kwalba a ƙasa ruwan ƙasa a sama, na ajiye a kan benci lafiya lau ko tabo babu, da asuba na zo na tarar ya rabu biyu daidai inda launukan suka haɗu. Wani kuma ina tsaye na ji ƙas! ya dare a gabana ba wanda ya taɓa shi. Cikin goma da kyar biyu suke kwana. Ga gilashin yana yin baƙi da kumfa, ga idona yana yaji da dare. Kuɗin iskar oksijin kuma daga aljihuna yake fita, maigidana har ya fara cewa wasan yara nake yi. Don Allah wanda ya san kan abin nan ya faɗa min inda nake kuskure, ko in haƙura ne?

Wata 'yar uwa daga Samaru:
Wa alaikumus salam. Ƙanina kar ka haƙura, matsalarka sananniya ce, ranar farko ake koyar da ita. Hannunka ba shi da laifi, sanyayawar ce ba ka yi. Gilashi in ya fito daga wuta bayansa ne ke fara sanyi ya ƙame alhali cikinsa na nan da zafi yana ci gaba da tsukewa, to sai ya zama bayan da cikin suna ja-in-ja, ido ba ya gani amma ƙarfin yana nan a ɗaure, shi ya sa zai iya kwana ɗaya ko sati ma sannan ya fashe shi kaɗai. Balle yanzu da hunturu, kana ajiye abu mai zafi a kan bencin ƙarfe iska na kaɗa shi, ai dole. Maganinsa da ka gama sai ka sa shi a wani ƙaramin tanderu da yake riga ya yi zafi, na kwalba wajen digiri 550 ne, ya zauna a haka kamar awa ɗaya in bai wuce kaurin yatsa ba, sannan a riƙa rage zafin a hankali har ƙasa da 400, a bar shi a rufe sai da safe. Kar ka buɗe don leƙawa, nan mutane da yawa suke asara. In kaurin abin ya ninka biyu lokacin ba ninki biyu yake ƙaruwa ba, ya fi haka nesa, manyan ayyukan da kake gani a bidiyo wasu kwanaki suke yi a ciki.

Sai kuma haɗa kore da ruwan ƙasa da ka yi. Kowace kwalba da irin haɗinta, yadda suke buɗewa da zafi su tsuke da sanyi ba ɗaya ba ne, ko da ka sanyaya su daidai in ba su dace ba a mahaɗar za su rabu, kuma kai da kanka ka ce a nan ya rabu. A yanzu dai kwalba iri ɗaya, aiki ɗaya. Kuma ka shigo Samaru mana, ABU suna da sashen fasahar gilashi, ka je da gutsattsarin da suka fashe a hannunka ka nuna, a ƙofar gidanka abin yake.

Wani dattijo maƙeri daga cikin birni:
Yaro na gaishe ka da ƙoƙari. Ni ban yi boko ba amma abin da yarinyar nan ta faɗa mun san shi a ƙarfe, in ka tsoma shi a ruwa da gaggawa ya yi tauri amma ya yi gautsi. Kafin ka samu tanderun, nemi tsohuwar tukunyar ƙasa ka cika da toka, ka ɗora a kan garwashi ta yi zafi sosai, da ka gama abu ka bari jan ya ɗan dushe sai ka binne a ciki ka rufe. Kuma wa ya ce maka sai Italiya? Je ka Bida ka tambayi unguwar Masaga, tun kaka da kakanni suke narka gilashi suna yin tsakiya da awarwaro, da itace da zugazugi da murhun yumɓu, kuma kwalaben da ake zubarwa suke amfani da su kamar kai. Su da kansu suna cewa asalinsu daga Misra ne. Iyayenmu mata sun sa awarwaron Bida. Sati biyu a gindin murhunsu ya fi maka bidiyo ɗari.

'Yar uwa daga Samaru:
Baba gaskiya ne, toka tana hana fashewar nan take, ga ƙananan tsakiya ta wadatar. Amma fure mai kauri a gindi da sirara a ganye ba za ta cire masa ƙarfin da ke ɗaure a ciki duka ba, in na sayarwa ne sai tanderu. Akwai dabarar dubawa ma: ka buɗe farin shafi a kwamfuta, ka riƙe gilashin a gabansa ka duba ta tabarau irin na direbobi mai kashe ƙyalli kana juyawa, inda ka ga launuka kamar bakan gizo to nan ƙarfin yake a ɗaure.

Wani abokin sana'a daga Tudun Wada:
Abokina bar kabaid ɗin nan, wutarsa ta haura digiri 3000, kai kuma abin da kake buƙata wajen 1000 ne, tafasa gilashin kake yi shi ya sa kumfa, baƙin kuma hayaƙinsa ne. Gas ɗin girki da oksijin ya fi tsafta, amma ka canja kan tocin da ragileta zuwa na gas, ka sa abin hana wuta komawa cikin tiyo, kar ka yi haɗe-haɗe. Kuma ka riƙa ɗumama gutsuren daga nesa kafin ka kai shi tsakiyar wuta in ba haka ba ya fallatsa maka a fuska. Kwalba kuma dama don inji aka yi ta, saurin ƙamewa gare ta, daƙiƙu kaɗan ne za ka samu na ja da lanƙwasa, ba laifinka ba ne.

Wata uwa daga Gyallesu:
Ni dai idon nan ne ya tsaya min a rai ɗana. Ido ba shi da na canji. Wannan hasken ruwan ɗorawa da ke tashi in gilashi ya shiga wuta akwai tabarau na musamman da ake sa masa, ɗana da ke aikin kayan ɗakin gwaji yana da shi, didimiyam suke ce masa. Kar ka ƙara kunna wutar nan ido tsirara, kuma ka je a duba maka shi gobe ba jibi ba. Garin gilashin ma kar ka share shi a bushe ka shaƙa, yayyafa ruwa tukuna, kuma rigar auduga za ka sa ban da ta roba.

Wani ɗan kasuwa:
Ni tambayata wa zai saya? Kayan China sun cika kasuwa da araha. Sai dai in za ka yi abin da ba su yi, dagin Arewa na ajiyewa a tebur, ko marfin kwalbar humra, mata masu haɗa turare za su saya. Ka tsaya kan fure da dagi dai, ka san mutanenmu da siffar abu mai rai.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, wlh na yi zaton hannuna ne ba shi da kyau. Hajiya gobe in sha Allah zan je asibiti, na ajiye tocin sai na samu tabarau. Baba tukunya akwai ta a gida, Bida kuma sai bayan sallah in maigida ya ba ni dama. Yaya, ina da ragowar bulon wuta da wani tsohon akwatin ƙarfe, zan iya haɗa tanderun da kaina, abin da ban sani ba shi ne na lantarki zan yi ko na gas, don a layinmu ana iya ɗauke wuta tsakiyar dare aiki yana ciki. Kuma ma'aunin zafin da zai kai 550 a ina ake samunsa, nan Zariya ko sai Kano?