Tambaya: in kotu ta hana taɓa gida, me ake rubutawa a rajistar filaye?

Ɗan_Koyo:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masana shari'a da waɗanda suka taɓa aikin ofishin rajistar filaye ku taimaka min. Karatun lauya nake, mun zo kan kadarorin da ake zargin da kuɗin haram aka saye su, to akwai inda kaina ya ɗaure. Kotu ta ba da oda kar a sayar da gidan wane, kar a jinginar, kar a yi kyauta da shi har a gama shari'a. To ita odar tana fayil ɗin kotu, shi kuma mai saye ba kotu zai je ba, rajista zai je ya duba. Wa ke da alhakin kai odar can, kuma me magatakarda zai rubuta, goge sunan mai gidan ake yi ko yaya? Sannan babbar tambayata, in mutumin ya yi wuf ya sayar kafin odar ta shiga littafi, wanda ya saya bai san komai ba ya biya kuɗinsa cas, wa zai yi asara?

Tsohon_Magatakarda:
Wa alaikumus salam ɗana. Fara raba abu biyu tukuna don mutane na yawan cakuɗa su. Akwai odar hana taɓawa, ita ta wucin gadi ce, gida na nan na mai shi kuma sunansa ba ya motsi, abin da ake yi sai a rubuta takunkumi a shafin wannan fulotin cewa kar a yi rajistar sayarwa ko jingina ko kyauta sai da izinin kotu kaza, a sa lambar ƙara da ranar odar. Sai kuma odar ƙwacewa, ita ce ta ƙarshe, mallaka ke fita daga hannun mutum ta koma hannun gwamnati, a nan ne ake taɓa suna. Ko ita ɗin ma magatakarda mai lura ba zai sauya suna ba sai ya ga shaidar cewa hukuncin ya tabbata, wato wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce ko an ɗaukaka an faɗi. Kuma ba a goge komai a littafin rajista, sabon rubutu ake yi a ƙasan tsohon, domin gobe wanda ya zo ya ga yadda gidan ya bi hannu hannu.

Kaiwa kuma, yawanci wanda ya nemi odar shi ke kaiwa, mai gabatar da ƙara ko hukumar da ke bincike ko lauyan mai bin bashi, da kwafin da kotu ta buga wa hatimi. Mu abin da muke fara yi tun kafin mu karanta takarda shi ne buga kwanan wata da ƙarfe nawa ta shigo, har minti, saboda a rajista wanda ya riga shiga layi shi ne gaba. Takarda biyu kan iya zuwa rana ɗaya kan gida ɗaya, ta sayarwa ƙarfe tara, ta kotu ƙarfe sha ɗaya, to wannan awa biyun ita za a yi shekaru ana shari'a a kanta.

Abin da ya fi ci min rai lokacin ina aiki shi ne odar da za ta zo da suna kawai, wai duk kadarorin wane, ba lambar fuloti ba lambar satifiket. Littafi da yawa da lambar fili aka tsara shi ba da sunan mutum ba, ga masu suna iri ɗaya, ga wanda ya saya da sunan matarsa ko kamfani ko yaron gidansa. Magatakarda ba ɗan sanda ba ne, ba shi da ikon yin hasashe. In ya sa takunkumi a gidan wanda bai ji ba bai gani ba ya yi zalunci, in ya tsaya jiran gyara kuma gida ya sulale. Haka in mutane da yawa ne suka yi tarayya a gidan, dole odar ta faɗi kason wa ta kama, ba a haɗa da na sauran ba.

Barista_Mai_Nazari:
Baba ya gama magana kan ɓangaren ofis, Allah ya ƙara lafiya. Ni bari in taɓa babbar tambayarka ɗan'uwa. Amsar ta danganta da dokar ƙasa, amma a ƙasashe da yawa ranar da odar ta shiga rajista ita ke raba gardama, ba ranar da alƙali ya sa hannu ba.

Dubi Faransa. Tun dokar 9 ga Yuli 2010 suka tsara cewa kama gida a shari'ar laifi yana hawa kan sauran mutane ne daga lokacin da aka shigar da shi a ofishin rajistar kadarori, kuma hukumarsu mai suna AGRASC ita ke yin wannan shigarwar a madadin masu gabatar da ƙara da alƙalai, ba a bar wa kowa ya yi yadda ya ga dama ba. Sannan ga wurin da ke da zafi, in ka sayi gidan kafin a shigar da odar amma ka yi sanyin jiki ba ka yi rajistar cinikinka ba sai bayan ta shiga, to cinikin naka ba ya hawa kan gwamnati. Ka biya kuɗi da gaskiya, amma layi ya wuce ka.

Ingila kuma salonsu daban. Odar hana taɓa dukiya a shari'ar bashi ta samo asali ne daga shari'ar Mareva ta 1975, kuma ita mutum take kamawa ba gidan ba, in ya karya ya raina kotu, ana iya ɗaure shi, haka duk wanda ya san da odar ya taya shi karyawa. Amma ba ta ba wanda ya nema wani haƙƙi a cikin gidan, shi ya sa lauya ke gudu ya sa takunkumi a rajista, don in bai sa ba mai sayen da bai sani ba yana iya yin rajista ya riƙe gida, wanda ya nemi odar kuma a bar shi da bin wanda ya riga ya kwashe kuɗi. A ɓangaren laifi suna da dokar 2002 ta dukiyar da aka samu ta hanyar laifi, kuma a can odar ƙwacewa bayan an kama mutum da laifi adadin kuɗi ce ake cewa ya biya, ba wai gidan ya koma sunan gwamnati kai tsaye ba, in bai biya ba kotu kan naɗa wanda zai sayar da kadarar. Kaga abin da magatakarda zai rubuta a nan ya bambanta da na ƙasar da gidan kansa ake ƙwacewa.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da cin hanci ta 2003, a sashe na 31, ta ɗora wa ƙasashe su samar da hanyar hana taɓawa da ƙwacewa, amma a sashen dai ta ce kar a tauye haƙƙin wanda ya shiga ciniki da zuciya ɗaya. Sai dai zuciya ɗaya ba da baki ake faɗarta ba. Kotu za ta duba ka bincika rajista kafin ka biya? Kuɗin da ka biya ya yi daidai da darajar gidan ko rabin kuɗi aka sakar maka cikin gaggawa? Kai ɗan'uwansa ne ko abokin kasuwancinsa? Wanda aka yi wa kyauta kuwa matsayinsa ya fi kowa rauni.

Ma'aikaciyar_Banki:
Barista ka manta da mu masu ba da bashi da jinginar gida. Gaskiya mu ma abin na taɓa mu sosai, don sau da yawa gidan da kotu ta kama akwai jinginar banki a kansa tun tuni. A ƙa'ida jinginar da aka yi wa rajista kafin odar tana gaba, wadda ta zo bayanta kuma ta makara, shi ya sa ba ma sakin kuɗi sai an sake duba rajista a ranar, ba binciken wata biyu da suka wuce ba. A Ingila ma mai saye ko banki na iya yin binciken da ke riƙe masa layi na kwana 30 na aiki, duk abin da ya shigo a tsakani yana bayan nasa in dai ya kai takardunsa cikin wa'adin.

Amma riga shiga layi ba ko'ina yake wadatarwa ba. Italiya sun sha wuya da 'yan mafiya masu ƙirƙiro bashin ƙarya don kare gidajensu, tun dokar 1982 da aka yi bayan kisan ɗan majalisa Pio La Torre suke ƙwace dukiya, kuma a kundinsu na 2011 kadarar da aka ƙwace tana komawa hannun gwamnati ba nauyin komai a kanta, mai bin bashi sai ya zo gaban alƙali ya nuna bashin ya riga kamun kuma ba taya ɓarna ya yi ba, sannan a biya shi cikin iyakar kashi 60 cikin 100 na darajar kadarorin. Ni a ganina daidai ne, bankin da ya rufe ido ya ba da bashi ga wanda kowa ya san sana'arsa bai kamata ya fake da kwanan wata ba.

Baiwar_Allah:
Duk kun yi maganar sawa, ba wanda ya yi maganar cirewa, kuma wallahi nan ne talaka ke kuka. Kawuna an sa wa gidansa takunkumi, daga baya kotu ta kori ƙarar ta ce ba shi da laifi, amma rubutun na nan a littafi, ya tashi sayarwa don ya yi jinyar matarsa duk wanda ya je ya duba sai ya gudu, waɗanda suka yi rawar jiki wajen sawa ba wanda ya waiwayo, ofis kuma suka ce su ba za su cire ba sai da takarda. Mutumin da aka wanke a ce shi zai yi ta yawo da kuɗin lauya, ina adalci a nan?

Tsohon_Magatakarda:
'Yata abin da ya sami kawunki ba daidai ba ne, Allah ya ba matarsa lafiya. Amma ofis ba su yi ƙarya ba, abin da kotu ta sa kotu ce kaɗai ke cirewa, in magatakarda ya fara cirewa don an nuna masa labari a jarida ko an rantse masa, to gobe mai laifi ma haka zai zo. Gyaran a wajen kotu yake. Ranar da ake yanke hukunci lauya ya roƙi alƙali ya rubuta ƙarara cewa an janye odar ranar kaza mai lamba kaza, a umarci magatakarda ya cire takunkumin da ke kan fuloti lamba kaza. Hukuncin da ya ce an sallami wane kawai bai isa ba, don ba a ambaci gidan ba. In an riga an wuce wurin, a koma kotun da ta sa odar a nemi wannan takardar, a karɓi kwafi mai hatimi a kai, sannan bayan an cire a sake neman sabon bincike a rubuce a ajiye.

Ɗan_Koyo:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Barista da Hajiya, Allah ya saka. Saura ɗaya, ba a sanar da mai gidan ne kafin a sa masa takunkumin? Kamar an yanke masa hukunci bai kare kansa ba.

Barista_Mai_Nazari:
Yawanci ba a sanar da shi a matakin farko, a bayan idonsa ake neman odar, don in ya ji ƙishin ƙishin kafin ta kai rajista to a daren zai sa hannu a takardar sayarwa. Shi ya sa tsari mai kyau shi ne rajista tukuna sannan a kai masa sanarwa, ba akasin haka ba. Kariyarsa tana zuwa ne bayan nan, yana da damar komawa gaban alƙali ya nemi a janye ko a sassauta, haka matarsa ko abokin tarayyarsa ko banki in odar ta taɓa haƙƙinsu. Kuma wanda ya je neman oda a bayan idon wani wajibi ne ya faɗa wa alƙali har abin da ba zai yi masa daɗi ba, in aka gano ya ɓoye wani abu mai muhimmanci wannan kaɗai kan isa a rushe odar. In za ka rubuta a jarrabawa ka haɗa da wannan, malamai na son ganin sa.