Zan fara kiwon zuma: filina na Rigachikun ko gonarmu ta Birnin Yero?

Abu Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa yi da hannunsu. Na daɗe ina sha'awar kiwon zuma, ba don kasuwanci ba, ni dai in samu abin da zan riƙa leƙawa ran Asabar, yara kuma su sha zumar da na san inda ta fito. Na tara dubu 120, akwati biyu kawai nake so in fara da su. Wuri biyu gare ni. Akwai filina a Rigachikun 50x100, na zagaye shi da katanga ban fara gini ba, mangwaro biyu a ciki, amma gidaje sun kewaye shi kuma akwai Islamiyya a bayan layin. Sai gonar mahaifinmu wajen Birnin Yero, ga ɗorawa ga kaɗanya, sai dai ba mai kwana a wurin kuma ba zan iya zuwa ba sai kamar sau biyu a wata. Yanzu ga Satumba ta kusa ƙarewa, an ce min in ruwa ya ɗauke ne zuma take yawan shiga akwati shi yasa nake sauri. Ina zan ajiye su?

Ɗan Kurmin Mashi:
Wa alaikumus salam. Malam ka shiga kawai, harka ce mai albarka, ba ka sayen dusa ba ka sayen magani. In ka sa akwati 50 shekara biyu ka mayar da kuɗinka.

Maman Khalil:
Ya ce akwati biyu fa, ya ce ba kasuwanci ba. Ku riƙa karantawa mana.

Kafinta Fanteka:
Yallaɓai akwatin Kenya za ka yi, wanda ake jera sanduna a sama kowace sanda zuma ta yi saƙarta a jiki. Shi ya fi sauƙi ga mai koyo don ba ya buƙatar injin tacewa, yanko saƙar kake yi ka matse. Langstroth, wato akwatin da ake jera firam a ciki ana tace zumarsa da inji, sai kana da kuɗi. Abin lura ɗaya ne, faɗin sandar nan milimita 32 zuwa 33 ake yi wa zumar ƙasar nan, in kafinta ya yi ta da ka to za ta haɗe saƙa biyu wuri ɗaya ranar ɗiba ka sha wahala. Da katakon malaina busasshe nake yi, dubu 35 ɗaya har da murfin kwano.

Ɗan Kurmin Mashi:
Dubu 35?? Ni dubu 18 aka yi min.

Kafinta Fanteka:
Yaushe? Je ka tambayi kuɗin katako yau ka dawo mu yi magana.

Maman Khalil:
Maigidana watan jiya aka ce masa dubu 48 a Zariya, riga da hular raga dubu 30, abin hayaƙi dubu 12. To wa za mu yarda da shi yanzu

Baban Sadiq Hayin Rigasa:
Abu Hanan, don girman Allah kar ka sa zuma cikin unguwa. Ni na yi, kuma har yau ina jin abin a raina. Shekara uku da suka wuce na sa akwati uku a kangon da ke jikin gidana, katanga doguwa kamar yadda kake faɗa. Wata biyar lafiya lau ba wanda ya ma san da su, har biyu suka cika na fara murna. Ranar wata Laraba cikin zafin Maris wajen ƙarfe biyu ina wurin aiki matata ta kira ni tana kuka wai zuma ta tashi. Ashe yara ne suka hau katanga suna jifan mangwaro, dutse ya sauka kan murfin akwati ɗaya. Yaran sun gudu da harbi biyu uku, amma maƙwabcina yana da rago da yake turka tun bayan babbar sallah, a ɗaure yake jikin katangar, ba inda zai je. Kafin in iso daga Kakuri ragon nan ya kwanta, kunnuwansa da hancinsa da kewayen idonsa duk ƙarin zuma ne cur kamar an yayyafa masa ƙaiƙayi. Bai kai magariba ba. Mahaifiyar mutumin tsohuwa ce, ta fito za ta kwance shi ita ma suka rufe ta, fuskarta ta kumbura numfashi yana sarƙewa, a Keke aka kai ta asibiti ta kwana biyu. Allah ya sa da sauran kwana.

Aka kai ni gaban mai unguwa. Na biya rago na biya asibiti, wannan bai dame ni ba wallahi, haƙƙinsu ne. Abin da ya dame ni mutumin nan shekara goma sha ɗaya muna sahu ɗaya a masallaci, matansu da tawa ɗaki ɗaya suke zama ranar suna, yau gaisuwa ce kawai a tsaye. Kuma a daren nan da hannuna na toshe ƙofar akwatunan na zuba fetur, ina jin kukansu a ciki har ya yi shiru. Da safe na buɗe ga saƙa fara tas an rufe ta, zuma ta nuna, ba mai iya sha saboda warin fetur. Na haƙa rami na binne.

Maman Khalil:
Innalillahi. Allah ya kiyaye gaba Baban Sadiq, jikina har ya yi sanyi.

Injiniya Malali:
Allah ya mayar da alheri. Amma a faɗi gaskiya akwai kuskure a ajiyar, ba a sa akwati ƙarƙashin bishiyar da yara ke jifa, kuma ba a barin dabba a ɗaure kusa. Zuma in ta harbi abu tana barin wani wari a wurin mai kama da na ayaba, shi ke kiran sauran, shi yasa wanda ya kasa gudu yake shan ta da yawa. Mutane na kiwonta a kan rufin bene a Landan da Faris ba abin da ke faruwa.

Baban Sadiq Hayin Rigasa:
Injiniya akwati nawa gare ka?

Injiniya Malali:
Ban sa ba tukuna amma na yi horo na kwana uku kuma ina bibiyar abin sosai.

Baban Sadiq Hayin Rigasa:
To ka sa tukuna. Zumar Turai daban tamu daban, tamu ta fi faɗa nesa ba kusa ba kuma tana bin mutum da nisa, wannan ko a horon naku an faɗa maka.

Baba Mai Amya:
Yarana ku yi haƙuri da juna. Jikana ne yake rubuta min. Ni tun ina saurayi nake ɗaura amya a ƙasar Igabi, ta ciyawa da ake shafe ta da kashin shanu a yi mata turare a ɗora kan ɗorawa. Ban san milimita ba, amma na san zuma dabbar daji ce, ba a kai ta inda mata ke daka yara na wasa. Ɗana ka kai gona. Ka shafa kakin zuma a cikin akwatin da bakin ƙofa, ka ɗora shi a inuwa kan ƙafar ƙarfe ka shafa wa ƙafar baƙin mai saboda tururuwa da kwarkwasa, su ne ke korar ta. Ka share ciyawa kewaye kafin masu farautar gafiya su sa wa daji wuta. Ka ajiye mata ruwa a kasko da 'yan tsakuwa a ciki don kar ta nutse, in rani ya yi ba ruwa kusa tashi take ta bar maka akwati wayam. In ɗorawa da kaɗanya suka yi fure ka ga aiki. Ranar ɗiba da yamma liƙis ko da dare, ka ɗauki saƙar da ta rufe kawai, mai 'ya'ya ka bar mata, kar ka kwashe duka.

Ɗan Kurmin Mashi:
Baba Allah ya ƙara lafiya, amma gona kuma ɓarayi fa? Ƙanina a hanyar Kujama akwati shida aka fasa masa dare ɗaya, wuta suka sa suka kwashe har 'ya'yan, akwatin ma suka tafi da biyu.

Injiniya Malali:
Ga feshi kuma. Masu wake da masu kayan lambu in suka yi feshin maganin ƙwari lokacin fure sai ka tarar da gawarta tuli a bakin akwati. Tana tafiya kilomita biyu uku neman fure, ba gonarka kaɗai take ci ba. Ni dai da zai leƙa NAERLS, cibiyar faɗakar da manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, ya ji ta bakin masana kafin ya kashe kuɗinsa.

Baba Mai Amya:
Masanan ma wurinmu suke zuwa tambaya ɗana.

Na Tudun Wada:
Abu Hanan ka sa a Rigachikun ɗin kawai, ka samu maigadi kyauta, ba ɓarawon da zai ƙara satar maka bulo 😂 in masu bin bashi sun zo ka ce su same ka a fili

Maman Khalil:
Kai dai ba ka rabo da wasa, ana maganar tsohuwa ta kwana asibiti.

Na Tudun Wada:
Tuba nake Hajiya. Shan zuma dai sai da harbi.

Hajiya Umma Barnawa:
Ni duk wannan bai dame ni ba kamar masu sayar mana da sukari da sunan zuma. Da azumin bana na sayi gora ɗaya dubu 7 wajen wani mai yawo da ita a bokiti har da saƙa da matattun ƙudan zuma a sama, ya rantse min daga daji aka kawo. Mahaifina mai ciwon suga nake saya wa yana ɗan lasa a shayi. Sati biyu ƙasan gorar ya yi wani baƙin dalala yana warin ƙonannen sukari. Wannan ba cin amana ba ne? Ku masu kiwo ku ne ya kamata ku tashi a kan mutanen nan.

Ɗan Kurmin Mashi:
Hajiya ai gwaji ne da ita, ki tsoma tsinken ashana ki ƙyasta, in ya kama mai kyau ce. Kuma in ta daskare ta yi tsaki-tsaki to sukari ne.

Baba Mai Amya:
A'a. Zuma ta gaskiya tana daskarewa, balle da sanyin hunturu. An sha dawo mana da kaya saboda wannan maganar, mutum ya dawo maka da zumarka mai kyau yana ce maka maha'inci.

Injiniya Malali:
Nan kam ina bayan Baba. Ashana ma ba hujja ba ce, dafaffen sukari mai kauri zai ci wannan gwajin. Kuma Hajiya ko ta gaskiyar ce tana ɗaga suga, a tambayi likitansa. Jariri da bai kai shekara ba kuma ba a ba shi sam.

Hajiya Umma Barnawa:
To lita nawa ne tsakani da Allah? Wata ta ce min dubu 12 wani ya ce dubu 6 kuma kowa rantsuwa yake.

Kafinta Fanteka:
Duk wanda ya ba ki lita dubu 6 yau ki bar masa kayansa.

Ɗan Kurmin Mashi:
Ni dubu 6 da ɗari biyar nake saya wajen mutumin Kachia kuma ba algus.

Abu Hanan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baban Sadiq labarinka ya hana ni barci jiya, na je filin da safe na tsaya ina kallon yaran Islamiyya suna wucewa ta jikin katangar, ban taɓa lura yawansu ya kai haka ba. Gonar kuma maganar ɓarayi da ruwa ta tsaya min, don rafin da ke kusa yana ƙafewa tun Janairu kuma kaskon ruwa ba zai kai sati biyu ba. Akwai wanda ya taɓa ba wa wani na ƙauyen amanar dubawa ana raba zumar? Kashi nawa ake ba shi?

Hajiya Umma Barnawa:
Baba Mai Amya dan Allah in kana da ta bara ko gora biyu ce a ajiye min, zan aiko yaro Kawo ya karɓa.