Ƙanena ya nutse a bashi saboda bet, in biya masa ko in ƙyale shi?

Tela daga Kasuwar Barci

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a kan ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 26. Napep yake ja daga Rigasa zuwa Kasuwa. Ta wani Alhaji ce a unguwarmu, ni na tsaya masa, duk Juma'a yake kai balans. Ranar Talata Alhajin ya aiko yaro har shagona, wai ya fi wata biyu rabonsa da ganin balans cikakke.

Da daddare na zaunar da shi a zaure na karɓi wayarsa. Manhajar bet biyu, ta masu ba da rance huɗu. Da ƙyar ya faɗa min sauran. Alhaji na bin sa N180,000, mai POS na bakin layinmu N65,000, masu rancen waya N210,000 kuma kullum ruwa hawa yake. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne N40,000 da Hajiyarmu ta ba shi ya kai wa uwar adashi, bai kai ba. Kusan rabin miliyan ke nan.

Masu rancen sun fara bin lambobin da ke wayarsa, har surukina sun tura wa saƙo wai yaron ɓarawo ne. Ina da N300,000 da na tara zan sayi injin aiki kafin ɗinkin Sallah ya kankama. Maiɗakina ta ce kar in taɓa ko sisi. Hajiya ba ta sani ba, ga ta da hawan jini. Shi kuwa ya yi ta rantsuwa ya daina, amma kafin mu tashi sai ya ce, "Yaya, ka ranta min dubu ashirin in haɗa tikiti ɗaya, wallahi kullum wasa ɗaya ne ke yanke min." To ya zan yi da shi?

Ɗan Kawo

Wa alaikumus salam. Malam, wannan maganar tasa ta ƙarshe ita ce amsarka. Bai daina ba. Ni na yi wannan rayuwar, kuma babana ya taɓa sayar da fili ya wanke ni tas, ban rufa wata biyu ba na sake tara wani bashin da ya fi na farko. In an biya wa ɗan caca bashi gaba ɗaya, abin da zuciyarsa ke gaya masa shi ne hanya ta buɗe, masu rance za su sake ba shi. Shi a ganinsa ba asara ya yi ba, kuɗinsa na ajiye a can, saura ƙiris ya karɓo. Shi ya sa ake cin bashi a je ramuwa.

Kada kuɗi ya bi ta hannunsa, ko na mai. Duk wanda za ka biya, je da ƙafarka. Ka karɓi babbar wayar da katin ATM, ka ba shi ƙaramar waya ta kira kawai. Goge manhaja ba ya hana komai, minti biyu ya sake saukewa, don haka ku zauna tare ya rubuta wa kamfanonin su rufe asusun nasa. Ka roƙi Alhaji a mayar da balans na kullum, a kawo shagonka kafin magariba. Kuɗin da ya kwana a aljihunsa daga Litinin zuwa Juma'a shi ne matsalar. Kuma kada ka ɗauka sai Asabar da Lahadi da ake Firimiya ne haɗarin. Akwai wasannin kwamfuta da ake bugawa duk bayan 'yan mintuna, dare da rana, a shagon bet ma ana yi. Su suka fi cinye 'yan Napep, don da ya sauke fasinja sai ya leƙa.

Hajiya daga Malali

Ɗan'uwa, basussukan nan ba ɗaya ba ne, kada ka bari mai yawan barazana ya zama shi za a fara biya. Tura saƙon cin mutunci ga dangin wanda ya ci bashi laifi ne a wajen hukumar kare masu sayayya ta tarayya, FCCPC, kuma tun 2022 take farautar irin waɗannan manhajoji. Tana da jerin waɗanda ta yi wa rajista a shafinta. Ka ɗauki hoton saƙon da aka tura wa surukinka ka kai ƙorafi. Bashin dai yana nan, amma ku rubuta musu ku nemi lissafin ainihin abin da ya karɓa, ku ce za a biya kashi-kashi. Kada a ranto daga wata a biya wata, haka huɗu ke zama takwas. In sun ce za su turo 'yan sanda, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi kawai.

Na adashi da na Alhaji daban ne, kuɗin amana ne, in aka fusata ana iya kai shi ƙara da cin amana. Ni da ni ce, na adashi zan fara rufewa, sai in ba Alhaji wani kaso, sauran yaron ya biya da guminsa. Injinka kuma ka saya. Kana da iyali.

Malamin Islamiyya, Tudun Wada

Allah Ya shirye shi. Hukuncin caca a fili yake a Suratul Ma'ida aya ta 90, kuma na tabbata ya sani, don haka yawan wa'azi da gori ba shi ne maganin ba. Abin da zan ƙara: wanda ake bi bashi yana cikin mutum takwas da ake ba zakka a Suratut Tauba aya ta 60. Malamanmu na Malikiyya sun ce wanda ya ci bashi a kan saɓo ba a ba shi sai in ya tuba, don haka in an ga ya tsaya da gaske, babu laifi a nema masa, a miƙa wa masu bashin. Ribar da masu rance suka ɗora kuwa riba ce, a yi ƙoƙari a sasanta a kan uwar kuɗi.

Ban yarda a ɓoye wa mahaifiyarku ba. Kuɗinta ne, kuma gara ta ji daga bakinka a hankali da ta ji daga uwar adashi a gidan biki.

Nas a Kaduna

Ku haɗa da asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin cututtukan da ake dubawa, kamar shaye-shaye. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa akwai likitoci da masu ba da shawara. Na san mutanenmu da jin Barnawa sai a ce hauka, to ba haka ba ne. In ka ji yana cewa gara ya mutu ya huta, ko ya daina barci da cin abinci, kada ku jira, ku kai shi ranar.

Tela daga Kasuwar Barci

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Jiya bayan la'asar na je wajen Alhaji da shi. Ya yi faɗa sosai, amma ya karɓi N80,000, ya yarda da balans na kullum da ƙarin dubu biyu a kai har a gama. Na adashi na kai da kaina. Wayar na cikin durowar kekena na kulle. Barnawa ce ya ƙi, wai shi ba mahaukaci ba ne, zan sa kawunmu ya yi masa magana. Malam, batun Hajiya har yanzu na kasa. Tunda an riga an biya uwar adashi, dole ne sai na gaya mata?