Motar kara ko motar langa-langa: wacce ta fi cin fasaha?

Kafinta: Salamu alaikum jama'a. Zan ajiye magana, mai ja ya ja. A cikin kayan wasan da yaran ƙasar Hausa suka riƙa ƙerawa da hannunsu tun daga shekarun 1960 har zuwa na 1990, babu wanda ya kai motar kara cin fasaha. Motar langa-langa, wato ta ƙarfen ɗaure dila, suna kawai ta fi ta, don tana da ƙarar da ke tara yara a layi, kuma tana shekara ba ta mutu ba.

Ku duba abin da mai motar kara yake da shi: reza ɗaya, wani ma haƙoransa ne rezar. Ba guduma, ba ƙusa, ba waya. Zai ɓare ɓawon gaɓa siri-siri har totuwar ta fito fara tas, ya yanka ta daidai tsawon da yake so. Ɓawon da ya cire ba ya zubarwa, shi zai tsaga kamar kaurin tsinken ashana, ya fiƙe bakinsa biyu, ya zama ƙusa. Shasi kara biyu ne da ba a ɓare ba, kowanne taƙi ɗaya da rabi, a haɗa su da totuwa uku ko huɗu a gicciye. Tsinke ba ya ratsa ɓawo, sai an fara huda masa hanya da ƙaya. Daga nan a tayar da ginshiƙai, a ɗora rufi, a jera ɓawo a gefe irin na bodin gingimari.

Inda ake gane gwani shi ne totuwa a tsaye take tsagewa. Ka soka tsinke biyu a layi ɗaya, ko ka soka dab da baki, nan take za ta dare, aiki ya koma farko. Gwani yakan bar faɗin yatsa daga baki, ya karkata tsinke ɗaya dama, ɗaya hagu, su riƙe juna. Kuskure ɗaya ba ya gyaruwa a kara. Ƙarfe kuwa in ka lanƙwasa ba daidai ba, miƙewa za ka yi ka sake.

Bakanike: Wa alaikumus salam. Oga Kafinta, sana'arka ka yaba kawai. Abin da ka bayyana akwati ne mai tayoyi, ba mota ba. Ina sitiyari? Ina sifirin?

Kuma wa ya ce maka langa-langa yana yafe kuskure? Ƙarfen da ake ɗaure dilar atamfa da ta gwanjo da ta auduga ne, faɗinsa bai kai yatsa biyu ba, shi ya sa ya fi yawa a hannun yaran da ke kusa da irin su Kantin Kwari a Kano, ko garuruwan gurzar auduga kamar Funtuwa da Gusau. Yaro ba shi da almakashin ƙarfe. Yankansa shi ne ya lanƙwasa gaba da baya a wuri ɗaya har wurin ya ɗau zafi ya karye. To ka ga abin da ke yanka shi, shi ne ke kashe shi: kusurwar da aka lanƙwasa, aka miƙe, aka sake lanƙwasawa ta riga ta gaji, a nan motar za ta karye ran da ta faɗa rami. Dole a auna tun farko da tsinken tsintsiya, a yi alama da gawayi, a ɗora a kan gefen dutse a lanƙwasa sau ɗaya tak.

Ɓangaren dama da na hagu kuma tare ake lanƙwasa su, ɗaya kan ɗaya. In aka yi su dabam-dabam, sai ka ga mota tana tafiya a karkace, taya ɗaya a sama. Huda kuwa da ƙusa mai inci uku ne, a kan guntun katako. A kan dutse bakin ƙusa ne zai dakushe, a kan ƙasa ƙarfen ne zai lotsa ba tare da ya hudu ba.

Manomi: Kafin ku yi nisa. Malam Kafinta ya ce "kara" kamar duk ɗaya ne. Karan dawa ake nufi, irin su kaura da farfara, don shi ke da kauri da totuwa mai tauri. Na gero siriri ne, totuwarsa ba ta riƙe tsinke. Takanɗa kuwa ba a ma maganarta, zaƙinta kiyashi yake kira. Sannan kara ɗaya kashi uku ne: gaɓoɓin gindi masu tauri na shasi, na tsakiya na totuwa, sille na sama shi ne sandar turawa. Wanda tsutsa ta ci za ka ga ƙaramin rami a jikin gaɓa, ciki ya yi ja ya zama gari, a jefa shi murhu.

Lokacinta ma sananne ne, bayan an yanke dawa a Nuwamba zuwa Disamba, hunturu ya busar da kara sarai. Ɗanyen kara in aka yi aiki da shi, bayan kwana biyu zuwa uku totuwar za ta motse, tsinkayen su saki, motar ta zube da kanta. Ga gara in ta kwana a ƙasa, ga akuya in ta kwana a tsakar gida.

Bakanike: Madalla Baba, kai ka kashe maganar da kanka. Motar da akuya ke cinyewa!

Manomi: A'a ɗana, ban ba ka gaskiya ba. Cewa na yi zaɓen karan ma ilimi ne.

Mai Facin Keke: Ku duka kun tsallake wurin da mota ke rayuwa ko ta mutu, wato taya. Ko ta kara ce ko ta ƙarfe, matsalar ɗaya ce: ramin tsakiya. Ya goce da kaurin tsinke ɗaya, motar ta riƙa ɗingishi ke nan. Dabarar ita ce a kifa gwangwani a kan takarda a zana, a yanke da'irar, a ninka ta biyu, a sake ninkawa. Inda layukan suka haɗu nan ne tsakiya, sai a ɗora a kan tayar a yi alama.

Masu kara sukan yi taya da sakaina, a fasa ta kusa da girman da ake so, a goga a kan siminti ko dutse har ta zagaye. Ba ta da nauyi, amma tana darewa wajen huda in ba da ƙarfe mai zafi ba. Daga baya tsohon silifa ya kore ta. A danna bakin gwangwanin tumatir ƙarami, mai giram 70, a kan silifar ya bar shaida, a bi da reza. Silifa ɗaya ta babba tana ba da taya biyu zuwa uku, amma gefen dunduniya ya riga ya cinye, don haka a haɗa masu kauri ɗaya a sanda ɗaya. Masu langa-langa kuwa gwangwanin madara suke sawa a baya, ko gwangwanin man takalmi, a naɗe shi da robar tub don ya kama ƙasa.

Sandar taya babu kamar wayar ƙafar keke. A zura ta cikin bututun biro, a ɗaure bututun a shasi, ita waya ta riƙa juyawa a ciki. A sa guntun silifa ciki da waje don kada taya ta fita ko ta gogi bodi. Robar ɗauri kuma jar tub ta da ta fi baƙar nan ta yanzu miƙewa nesa ba kusa ba, shi ya sa masu danƙon harbi ma ita suke nema. A yanka ta a tsaye, faɗin rabin yatsa, a ja ta sosai a naɗa zagaye biyar ko shida, a cusa bakin a ƙarƙashin na ƙarshe. Ba a ƙulli, ƙulli ne ke tsinka ta.

Bakanike: Yawwa, to mu zo sitiyari, nan ne zancen yake. Na 'yan koyo shi ne sandar tayar gaba gaba ɗayanta ta juya a kan ƙusa ɗaya a tsakiya. Yana aiki, amma da an sha kwana sosai tayoyin za su shige ƙarƙashin bodi, faɗin gaba ya tsuke, mota ta kife. Na gwanaye kuwa kowace tayar gaba tana da nata ƙaramin hannu mai juyawa a kan ƙusarta, sannan a haɗa hannayen biyu da langa-langa ɗaya a gicciye. Doguwar waya ta taso daga nan zuwa ƙugun yaro, a lanƙwasa samanta ta zama sitiyari. Ya murza, tayoyi biyu su juya tare, shasi bai motsa ba. Tsarin da ke ƙarƙashin akori-kura ke nan. Sifirin kuma gajerun langa-langa biyu ko uku ne, a jera daga dogo zuwa gajere, a ɗan gantsare su, a ɗaure tsakiya a kan bututun. Ka danna motar ta dawo da kanta.

Yaran nan abin da ke kan titi suke kwafa. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, sai 404 da 504 suka cika gari, ga Mercedes 911 mai zagayayyen hanci tana jigilar kaya. Oga Kafinta, fitar min da hancin 911 da kara in gani.

Kafinta: Ana yi mana! Totuwa ce ba ta lanƙwasuwa, ɓawo yana yi. A jiƙa shi a ruwa kamar rabin awa, a kankare ragowar totuwar da ke cikinsa da reza, a lanƙwasa da santsin a waje, a soka bakunansa biyu a totuwa ya bushe a haka. Da shi ake fitar da hanci, da marfin taya, har da taya mai wayoyi irin ta keke. Sitiyari mai ƙusa ɗaya ma ana yi wa motar kara, haka mahaɗin kan tirela da bodinta. Mai hannaye biyun ne dai totuwa ba ta ɗauka, ramin yana buɗewa. Amma wannan ƙarfin kayan aiki ne, ba fasahar yaro ba. Tambayata tun farko a kan hannu take.

Malamar Firamare: Malamai, kun mai da "yaran ƙasar Hausa" maza zalla. 'Yar tsana fa? Da totuwar masara ko gaɓar kara ko ƙashin ƙafar rago ake yin jikinta. A yi gashi da baƙin zare ko gemun masara, a kafa shi da danƙo, a yi mata kitso na gaske, shuku ko zane. A roƙo ƙyallaye wajen tela a ɗinka riga da zani da ɗankwali, a zura tsakiya a yi sarƙa. Ga tukwanen yumɓu da ake busarwa a inuwa, don in aka sa su a rana kai tsaye waje ya riga ciki bushewa su tsage. Har biki ake yi wa 'yar tsanar da gara da kayan ɗaki.

A kan motocinku kuwa, ina ganin kuna gwada abin da ba sa'o'in juna ba ne. Motar kara ɗan shekara bakwai yana iya fara ta shi kaɗai. Ta langa-langa mai sitiyarin kirki sai manyan yara, ƙananan sai dai su riƙe musu ƙarfe su ɗauko ƙusa. Ɗaya firamare ce, ɗaya sakandare.

Kafinta: Hajiya, ɗan shekara bakwai yana fara ta, amma ba ya gama mai ƙofa huɗu masu buɗewa.

Mai Walda: Ni ina bayan Bakanike, da hujjar da bai kawo ba: wuta. Ƙwan tocila mai bolt 2.5, batir biyu manya irin Tiger Head a naɗe su da takarda kai da gindi, waya ɗaya tak zuwa ƙwan, jikin motar ya zama waya ta biyu kamar yadda yake a motar gaske. Sai an kankare tsatsa a wurin haɗin, in ba haka ba ƙwan ya riƙa kyaftawa. Mai zari ya sa batir uku, ƙwan ya yi haske sau ɗaya ya ƙone. Yaron da ya gano wannan da kansa ya san abin da kara ba zai koya masa ba.

Aibinta dai ba a ɓoye yake ba. Bakin da aka karya kaifi gare shi, in ba a goge shi a dutse ko an ninke shi ciki an daddale ba, yana yanka ƙafa, ga tsatsa da ƙasa, ga haɗarin cutar sarƙe-haƙora. Ɓawon kara ma yana tsaga yatsa da leɓe, amma ba a haɗa su ba.

Masu cewa motocin roba na Sin ne suka kashe ta, rabin labari suka faɗa. Kayan aikin ne suka ɓace. Dila da yawa yanzu da igiyar roba ake ɗaure su, madara da tumatir sun koma leda, ɗan gwangwanin da ya rage kuma 'yan jari-bola sun auna shi a kilo kafin yaro ya gan shi.

Manomi: To kara fa? Yana nan jibge kowace kaka, ko da yake shi ma yanzu kuɗi ne, masu dabbobi da masu danni suna saye.

Bakanike: Shi ke nan, a raba gardama a aikace. A samu yara biyu sa'o'in juna, a ba kowa yini ɗaya. A ɗora wa kowace mota gwangwanin madara cike da yashi, a tura ta taku ɗari a hanyar da ba kwalta, da shan kwana sau biyu a ciki.

Kafinta: Wannan gwajin ƙarfi ne, ka sake komawa gidan jiya. In za a yi, a ƙara sharaɗi: kowa reza kawai za a ba shi.

Mai Facin Keke: Kuma tayoyin su zama na silifa iri ɗaya, mutum ɗaya ya huda su duka takwas, in ba haka ba tayar za ku gwada, ba motar ba.