Daga Kumasi zuwa bakin teku da yara da tsohuwa: ina ya fi dacewa?

Maman Hafsa, Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Muna son mu kai yara bakin teku a hutun Disamba, kwana biyu. Mu tara ne: manya huɗu, yara huɗu daga ɗan shekara biyar zuwa 'yar sha uku, sai surukata da gwiwa ke damu. Wasu sun ce Cape Coast, wasu sun ce Ada. Wanne ya fi mana daga Kumasi? Kuma yara sun dage sai sun shiga ruwa, alhali a cikinmu babu wanda ya iya iyo sosai. Ku ba ni shawara don Allah.

Baba Direba, Asawase

Wa'alaikumus salam Maman Hafsa. A kwana biyu, cire Ada daga lissafi. Kafin ki kai Ada sai kin sauka Ankara (Accra), kin ratsa Tema, kin wuce Sege zuwa mararrabar Kasseh, rana guda ta ƙare a mota. Cape Coast kuwa hanyarta ɗaya ce daga nan: Anwiankwanta, Fomena, ki haye kogin Pra a Assin Praso, Assin Fosu, Assin Manso, ki fito babban titin gaɓar teku a Yamoransa. Kilomita 220 ne ko kusa da haka, awa huɗu zuwa biyar gwargwadon manyan motoci da tsaye-tsaye.

Mutum tara, ku ɗauki shatar Sprinter guda, kada ku bi motar tasha. Wuraren da za ku gani a warwatse suke, Elmina na yamma da Cape Coast da kamar kilomita 12, gandun dajin Kakum na arewa da kamar kilomita 30, kuɗin tasi sai ya cinye abin da kuka yi tattali. Ku daidaita da direba tun a gida: wa zai sayi mai, ina zai kwana, kuma ba tafiyar dare. Wannan hanyar da dare motocin kaya da na katako ne, wata ta lalace a tsakar titi ba fitila sai ganye da aka zuba.

Ku tashi bayan sallar asuba. Ku tsaya Assin Manso rabin awa, akwai rafin da ake yi wa bayi wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓa, da mai yi wa baƙi bayani. Ranar farko gidan bayi, wato tsohon ginin da Turawa suka riƙa tsare bayi kafin a sa su jirgi, da bakin ruwa, rana ta biyu Kakum da sassafe, daga nan gida.

Gidan bayi ɗaya ya isa, yara ba za su jure biyu ba. Ni Elmina zan zaɓa. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872, kuma daga samansa ana hangen kwalekwalen masunta cike da bakin tafkin Benya. Na Cape Coast shi ne wanda Obama ya ziyarta a 2009. Zagayen kan ɗauki kusan awa ɗaya, kurkukun ƙasa akwai duhu da zafi, matakalan sama kuma tsaye suke, don haka Hajiya surukarki ta tsaya a tsakar gidan. Kowa ya riƙe Ghana Card, kuɗin shiga na ɗan ƙasa daban ne da na baƙo, na yara kuma ya fi sauƙi.

A Kakum, gadojin igiya bakwai ne a saman itatuwa, tsawonsu duka kamar mita 350, tsayin daga ƙasa ya kai mita 30 zuwa 40. Abin da mutane ba sa faɗa shi ne kafin a kai gadar farko sai an hau tudu mai duwatsu na kusan minti ashirin. Hajiya ba za ta iya ba, ta zauna a wurin karɓar baƙi da mutum ɗaya. A sa takalmi mai rufe ƙafa, silifa kan zame. Ku isa da wuri, don idan motocin 'yan makaranta da na coci suka iso sai layi, gadar kuma ta fi lilo idan mutane sun yi yawa. Kada a yi wa yara alkawarin ganin giwa. Suna cikin dajin, amma ba sa zuwa inda hayaniya take.

Ɗan Sabon Zango, Ankara

Baba ya gama maganar hanya. Ni kan ruwan zan tsaya, Yaya, domin nan ne hatsarin yake.

Tekunmu ba irin tafkin Bosomtwe ba ne da kuka saba zuwa. Gaɓar a wurare da yawa gangara ce, taku uku ruwa na gwiwa, na huɗu ya kai ƙirji. Igiyar da ta buga tudu idan za ta koma, tana kwashe yashin ƙarƙashin ƙafa, mutum ya faɗi zaune, ta biyu ta rufe shi. Wanda bai iya iyo ba, babba ne ko yaro, iyakarsa gwiwa. Kuma kada ya juya wa teku baya, ko don ɗaukar hoto.

Abin da ya fi cin mutane shi ne jan ruwa. Ruwan da igiyoyi suka tara a gaɓa sai ya nemi hanyar komawa, ya haƙa wa kansa kwari a cikin yashi, ya bi ta nan da gudu. Ga yadda ake gane wurin: ki tsaya a tudu minti biyar kina kallo. Inda igiya ke fashewa da farin kumfa dama da hagu, amma a tsakiya akwai wani zirin da ya kwanta lumui, launinsa ya fi duhu ko ya yi ƙasa-ƙasa, kumfa da ledoji na tafiya ciki maimakon su fito, to nan ne. Matsalar ita ce shi ya fi kama da wurin lafiya, iyaye da kansu suke cewa yara su koma can tunda babu igiya. Gefen duwatsu da gefen katangar tashar jiragen kamun kifi ma haka yake.

Idan ya ja mutum, ba ƙasa yake kai shi ba, waje yake kai shi. Gajiya ce ke kashewa, saboda mutum na ta kokawar komawa ta inda ya fito. Ya kwanta rigingine ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu ɗaya. In ya iya iyo, ya yi ta gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga zirin, sannan ya bi igiya ya dawo. Na tudu kada ya faɗa ciki, haka ake rasa mutum biyu a gida ɗaya. A jefa masa galan marar komai da murfinsa a rufe, a yi wa masunta ihu, a kira 112. Idan an fito da shi ba ya numfashi, ba a danna ciki don ruwa ya fita. A kwantar da shi, a hura masa iska a baki sau biyu, a danna tsakiyar ƙirji sau talatin, a yi ta maimaitawa. Ko ya farfaɗo yana magana, a kai shi asibiti ranar, ruwan da ya shiga huhu kan tayar da matsala bayan awoyi.

Teku na cika sau biyu ya janye sau biyu a yini da dare, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintuna, kullum kuma lokacin na ja baya da kusan minti hamsin. A tsayuwar wata da daren sha huɗu cikar ta fi yawa, janyewar ma haka. Ku duba inda yashi ya jiƙe da layin shara, ku shimfiɗa tabarma sama da nan. Safiya ta fi, iska na tashi bayan azahar ruwa ya hargitse.

Tayar mota da balan-balan na ninƙaya, a bar su a gida. Iska ke tura su ciki da yaron a kai. Babba ɗaya ya riƙe yaro ɗaya, a shiga bi da bi, wanda ke tsaro kuma ya ajiye waya. Ku guji 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu, cunkoso da masu shan giya sun yi yawa, yaro na ɓacewa cikin minti ɗaya. Wuri kuwa, Brenu Akyinim a yammacin Elmina ko Anomabo sun fi bakin ruwan cikin gari tsabta. Ko'ina kuka sauka, ku tambayi masunta ina ake shiga yau, don kwarin na sauya wuri.

Hajiya Mai Waakye, Mamobi

'Yata, ƙarin da zan yi na mata ne. Dogon hijabi da zani idan suka sha ruwa nauyinsu ya ninka, su nannaɗe ƙafafu. Mai son taɓa ruwa ta sa dogon wando da riga mai kauri zuwa gwiwa da ƙaramin hijabi, ta ajiye babban a tudu don fitowa. Ki riƙe galan biyu na ruwan famfo don ɗauraye yara, gishiri da yashi na sa ƙaiƙayi a hanya.

Salla ba wahala. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Alƙibla a wannan gaɓar, ki sa teku a hannun damanki ki fuskanci wajen Ankara, kin kusa daidai, sai dai inda gaɓar ta lanƙwasa ki duba waya. Nisan tafiyarku ya kai na ƙasaru.

Abinci: dokunun Fanti a Yamoransa ake sayensa, a ganyen ayaba, yana kwana biyu uku bai lalace ba. Ki tafi da shitonki, ki sayi kifi mai zafi da aka soya a gabanki. Miyar gidan abinci ki tambaya da me aka yi, naman alade ba baƙo ba ne a can. In kina shakka ki nemi zangon garin, ba ya ɓuya. Shinkafar da aka dafa da asuba kada ta wuce azahar a cikin mota mai zafi. In ɗanyen kifi za ki saya ki kawo Kumasi, ranar Talata masunta ba sa fita teku, wanda za ki gani na jiya ne. Ki duba ido ya zama garau, ƙarƙashin kunnen ja, ki zuba ƙanƙara daidai nauyin kifin a cikin kula.

Idan kuka tarar ana jan taru, yara za su so su kama igiya, ana bari, amma a yi sallama tukuna, hoto ma a nemi izini.

Malam Na Ashaiman

Ban ƙi ta Baba ba, amma kada a kashe Ada gaba ɗaya. Ga wanda ke Ankara, ko ku in kun sami kwana huɗu, Ada Foah ta fi sauƙi ga tsofaffi: a zauna a jirgi a zaga tsibiran bakin kogin Volta har inda ya haɗu da teku, ba hawan tudu. A wannan lokacin ma kunkurun teku na fitowa da dare su yi ƙwai a yashi, ma'aikatan kula da namun daji na raka masu son gani, ba a haska su da tocila. Sharaɗi biyu: kowa da rigar ceto kafin jirgi ya tashi, ba a tsakiyar ruwa ba, kuma kada mai jirgi ya kusanci bakin da ruwan biyu ke karo. Ɓangaren kogin a kwance yake, shi ke jan yara su yi wanka, amma ruwan Volta na da tsargiya. Ƙwayar ta fata take shiga, sai bayan makonni a ga jini a fitsari.

Maman Hafsa, Aboabo

Allah ya saka da alheri, mun tsaya a Cape Coast. Baba, in muka fito Kakum, dole sai mun koma cikin gari kafin mu kama hanyar gida? Kuma ƙarfe nawa ya kamata mu tashi?

Baba Direba, Asawase

Ku dawo ta Cape Coast ku bi Yamoransa, hanyar da kuka sani. Akwai ta cikin ƙauyuka wajen Twifo Praso, amma ba da tsohuwa da yara ba. Ku bar Kakum kafin sha ɗaya, ku ci abinci, ƙarfe ɗaya ta yi muku a kan titi, magariba a Kumasi in Allah ya so. Yaron da mota ke sa wa amai ya zauna gaba kusa da taga, kada a cika masa ciki da maiƙo kafin kwanannin tudun Fomena.